Haddar jeri, yawan karatu ko kati: wace hanya ta fi wajen koyon sifofin Turanci?

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in Turanci na ɗaliban sakandare ya san 'yan kalmomin da ake ɗora wa nauyin kowane irin siffantawa: *good*, *bad*, *big*, *nice*, sai kuma *very* da ake jingina musu idan ana son ƙara ƙarfi. Hanya *very bad*, malami *very good*, kasuwa *very big*. A nahawu babu laifi. Laifin shi ne mai karatu ya gama jimlar bai ga komai ba. Hanyar nan ramuka gare ta, ko ƙunci, ko santsi, ko kuwa haɗari ne bin ta da dare? Turanci ya tanadi kalma ga kowanne: *potholed*, *narrow*, *slippery*, *treacherous*. Wanda ya iya zaɓo wadda ta dace shi ne ake cewa Turancinsa ya nuna.

Akwai dalilin da ya sa abin ke ba Bahaushe wahala, kuma ba ƙarancin basira ba ne. Hausa ba ta da sifofi na asali masu yawa. Muna da babba da ƙarami, sabo da tsoho, dogo da gajere, fari da baƙi da ja, da 'yan uwansu. Sauran aikin da "mai" muke yi, mu ce mai kyau, mai nauyi, mai faɗi, sannan mu ƙarfafa da amsa-kama: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Turanci ba haka yake yi ba, kalmar yake sauyawa ɗungurungum. Ja ya koma *crimson* ko *scarlet*, sanyi ya tashi daga *cool* zuwa *chilly* zuwa *freezing*. Bahaushe na lalube a Turanci yana neman abin da zai tsaya masa a madadin "wur" da "ƙirin", ba ya samun komai sai *very*, sai ya riƙe ta gam.

Hanyoyi uku ne mutane suka fi bi don fita daga wannan ƙangi: haddace jerin kalmomi, yawaita karatu, da bita da kati. Kowacce tana da masu rantsuwa da ita. Amma kafin a auna su, sai an san ma'aunin, wato me ake nufi da an san sifa.

Ma'ana kaɗai ba ta wadatar ba. Da farko akwai batun yabo da zargi. *Thrifty* da *stingy* duk mai riƙe kuɗi suke nufi, amma ta farko mai tattali ce, ta biyu marowaci. *Slim* yabo ce, *skinny* kusan gori ce. *Famous* da *notorious* duk sananne ne, sai dai na biyun da mugun abu aka san shi, don haka ɗalibin da ya rubuta *our notorious principal* yana nufin yabon shugaban makarantarsu ya zage shi bai sani ba. Na biyu, kowace sifa tana da sunayen da take zama da su. Ruwan sama mai ƙarfi *heavy rain* ne ko *torrential rain*, ba a cewa *strong rain*. Shayi mai kauri kuwa *strong tea* ne, ba *powerful tea* ba. Abinci idan ya lalace, burodi *stale* ne, man shanu *rancid*, madara *sour*, ƙwai *rotten*. Babu wata ƙa'ida da za ta gaya maka wannan, al'adar masu harshen ce kawai. Na uku, wasu sifofin suna jan wata 'yar ƙaramar kalma a bayansu: *prone to*, *devoid of*, *adept at*. Na huɗu, sifofi masu ƙarfi irin su *exhausted* da *furious* da *enormous* ba su cika karɓar *very* ba, sun fi zama da *absolutely* ko *utterly*. Hanyar da ta koya maka ma'ana ta bar waɗannan huɗun, rabin aiki ta yi maka.

Haddar jeri ita ce ta fi farin jini, kuma ba banza ba. Ba ta buƙatar kuɗi, ba ta buƙatar data, kuma mu mutane ne da suka saba da hadda tun ƙuruciya. A mako guda mai himma zai iya cusa kalma ɗari a kansa, ya ji a jikinsa cewa ya yi aiki. Akwai kuma wurin da take biya kai tsaye. A jarrabawar JAMB, da ɓangaren tambayoyin zaɓi na WAEC da NECO, ana ba ka kalma a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta. A nan gane kalma ake nema, ba amfani da ita ba. Wanda ya haddace cewa *meticulous* mai kula da daki-daki ne, *reticent* mai kame baki, *obsolete* abin da aka daina yayi, zai ci makin ko da bai taɓa saka su a jimla ba.

Sai dai jeri suna suka tara. Akwai waɗanda aka gina bisa bincike. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar da jerin iyalan kalmomi (wato kalma tare da sauran kalmomin da aka ƙera daga gare ta) 570 da suka fi yawo a rubuce-rubucen jami'a, wanda ake kira Academic Word List. A cikinsa ne za ka ga *adequate*, *ambiguous*, *arbitrary*, *crucial*, *explicit*, *inherent*, *relevant*. Akwai kuma Oxford 3000 da Oxford 5000, inda na biyun ya ƙara kalmomi 2,000 na masu zurfi a kan na farkon, kuma ana samun su kyauta a intanet. Irin waɗannan an tace su, kalmomin da ke ciki za ka ci gaba da haɗuwa da su har ka tsufa. Daban suke da hotunan nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp masu cewa ka daina faɗin *very* kaza, ka ce kaza. Ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya, amma suna nuna maka kamar kalmomin biyu daidai suke ta kowace fuska, alhali ba haka ba ne. Za su ce maka *very old* shi ne *ancient*, ba za su gaya maka cewa ganuwar Kano ce *ancient* ba, kakarka kuwa *elderly* ce, kuma in ka kira ta *ancient* ka yi mata rashin kunya.

A nan raunin jeri yake. Yana ba ka kalma tsirara, babu sunan da take bi, babu yanayin da ake faɗinta. Sakamakonsa shi ne dogon Turancin da masu duba jarrabawa suka gaji da gani, jimla cike da manyan kalmomi kowacce ta zauna a kujerar da ba tata ba. Ni a ganina wannan ya fi *very good* muni, domin mai *very good* aƙalla an fahimci abin da yake nufi. Ga kuma saurin mantuwa. Abin da aka cusa a mako guda, in ba a waiwaye shi ba, kafin wata ya zagayo yawancinsa ya zube.

Yawan karatu kishiyar wannan ne ta kusan kowace fuska. Ba ka haɗuwa da *torrential* ita kaɗai, kullum tana manne da *rain*, a cikin labarin ambaliya, har kunnenka ya saba, ranar da wani ya ce *torrential wind* ka ji abin ya yi maka banbaraƙwai ko da ba za ka iya faɗin dalili ba. Duk abubuwa huɗun da na lissafa a sama karatu yana koyar da su a lokaci guda, ba tare da ka zauna haddar ko ɗaya ba. Duk wanda ka ji Turancinsa na gudana ba gargada, in ka bincika za ka tarar ya yi karatu mai yawa a wani lokaci na rayuwarsa. Ban san wata hanya da ke maye gurbin wannan ba, kuma da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak in bar sauran, ita zan ɗauka.

Amma a faɗi gaskiya, tana da jinkiri, kuma jinkirin ya fi tsanani a daidai inda muke magana. Kalmomi 2,000 da suka fi yawa a Turanci su ne ke cike kusan kashi 80 cikin ɗari na yawancin rubutu. Sifofin da muke nema ba sa cikinsu. Kana iya karanta littafi sukutum ka haɗu da *reticent* sau ɗaya, sannan ka yi watanni ba ka sake ganinta ba, alhali kalma ba ta zama a kai sai an yi ta cin karo da ita. Paul Nation, masanin koyon kalmomi wanda shi ma daga Wellington yake, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta labari ko jarida ta Turanci ba tare da taimako ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000, domin a nan ne zai san kashi 98 cikin ɗari na abin da ke shafin. Kashi 98 na nufin baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace hamsin. Wannan adadi yana da amfani wajen zaɓen abin karantawa. Buɗe shafi ka ƙirga. In baƙin kalmomi sun kai goma sha biyar ko ashirin a shafi guda, littafin ya fi ƙarfinka a yanzu, za ka gaji ka ajiye. In babu ko ɗaya, kana jin daɗi ne amma ba ka ƙaruwa. Littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki don masu koyo, irin jerin Oxford Bookworms da Penguin Readers, an yi su ne don cike wannan giɓi, kuma babu abin kunya ga babba ya fara da su.

Wani abin lura game da jaridunmu na gida. Suna da amfani, suna da sauƙin samu, kuma labarin da ka riga ka ji a rediyo da Hausa ya fi saurin shiga idan ka karanta shi da Turanci. Sai dai shafukan siyasa da na taya murna cike suke da sifofin da aka tauna har suka salance: kowane gwamna *amiable* ne, kowane shugabanci *able*, matasa kullum *teeming*, kowane hari *dastardly*. Wanda ya tsaya a nan kaɗai da su zai tashi. A haɗa da dogayen rahotanni, da labaran ƙirƙira, da rubutun kimiyya da tafiye-tafiye, inda marubuci ke ƙoƙarin nuna maka abin da ba ka taɓa gani ba, domin a nan sifa ke aikinta na gaskiya.

Rauni na biyu na karatu shi ne yana gina ganewa fiye da furtawa. Mutum zai ga *meticulous* ya gane ta sarai, amma in ya ɗauki biro sai *very careful* ta fito. Kalmar tana cikin kai, hannu ne bai saba ɗauko ta ba.

Hanya ta uku, bita da kati mai tambaya a gaba da amsa a baya, an ƙirƙiro ta ne don maganin mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farko, sannan zubewar ta lafa, kuma kowace bita tana tsawaita zamansa. A farkon shekarun 1970 wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mai da wannan tsarin akwatuna: katin da ka amsa daidai ya matsa akwati na gaba inda ba a duba shi sai an jima, wanda ka kasa ya dawo akwatin farko. Manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, wannan lissafin take yi maka da kanta. Kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, a iPhone ne ake saye, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Mahaddacin Alkur'ani ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san sabuwar hadda kullum ake maimaita ta, tsohuwa kuma a bi ta da muraja'a lokaci-lokaci don kada ta kuɓuce.

Amfanin kati ya rataya ne kacokan a kan abin da ka rubuta a jikinsa. In ka sa *arid* a gaba, "busasshe" a baya, jeri ka sake yi, ka dai raba shi gunduwa-gunduwa. Haka ma wanda ya sauko da tarin katunan da wani ya haɗa, dubu uku ko biyar, bai san daga inda kalmomin suka fito ba. Katin da ke aiki shi ne wanda ka ciro daga karatunka: jimlar da ka gani, ka cire sifar ka bar gurbi, a baya ka rubuta ta tare da sunan da take bi da 'yar kalmar da take ja, ka ƙara alama ko yabo ce ko zargi. Da haka kowace bita tana tilasta maka ka ɗauko kalmar da kanka, abin da karatu zalla ba ya sa ka yi. Wahalarsa ita ce naci. Anki tana zuwa da saitin sababbin kati ashirin a rana, wanda ya yi wa mai aiki ko ɗalibi yawa. In ka yi mako ba ka buɗe ba, ka tarar da ɗaruruwa na jiranka, daga nan mutane da yawa ke sallamawa. Biyar zuwa takwas a rana, minti goma sha biyar bayan sallar asuba ko a cikin mota, ya fi ɗorewa. Wanda ba shi da babbar waya ya yanka kwali ya samu ambulan uku, aikin ɗaya ne.

Ko wace hanya ka bi, ƙamus ɗin da ke hannunka zai iya gyara ta ko ya ɓata ta. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, yana da kyau wajen kama ma'ana da sauri, kuma ban yarda da masu cewa a guje shi ba. Amma a wannan mataki ƙamus na masu koyo ake buƙata, mai bayani da Turanci mai sauƙi da misalai. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa kuma Oxford ta fara bugawa a 1948, shi ne aka fi sani a makarantunmu. Longman Dictionary of Contemporary English, na 1978, yana bayanin kowace kalma da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi, don haka ba ka buɗe ƙamus don fahimtar ƙamus. Collins COBUILD, wanda ya fito a 1987 daga aikin John Sinclair a Jami'ar Birmingham, da cikakkiyar jimla yake bayani, yana nuna maka wa ake siffantawa da kalmar kuma a wane hali, abin da ya sa na fi son sa wajen sifofi. Waɗannan ƙamusoshi uku na masu koyo duk suna da shafukan intanet da ake dubawa kyauta. Ga mai rubutu kuma akwai Oxford Collocations Dictionary, wanda aikinsa kawai nuna kalmomin da ke tafiya tare: ka nemi *rain*, ya jero maka sifofinta.

Wanda ke buƙatar taka-tsantsan shi ne ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana, irin wanda Peter Mark Roget ya fara fitarwa a 1852, da makamancinsa da ke cikin Microsoft Word. An yi shi ne don tuna wa mutum kalmar da ya riga ya sani. Ga mai koyo, zai zube maka kalmomi goma a ƙarƙashin *thin* bai ce maka *emaciated* ta wanda yunwa ko ciwo ya rame ba ce. Duk kalmar da ka ɗauko daga can, ka bi ta ƙamus na masu koyo kafin ta shiga takardarka.

To wace za a ɗauka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma abin da ke raba gardama shi ne lokacin da ya rage maka da irin abin da za a tambaye ka. Mai JAMB nan da wata biyu ya ɗauki jeri mai inganci da tambayoyin shekarun baya, ya zuba kalmomin a kati don kada su zube kafin ranar. Karatun littattafai ba zai isar da shi a wannan ɗan lokaci ba, kuma yaudara ce a ce masa zai isar.

Mai insha'in WAEC ko NECO lamarinsa daban. A tsarin makin WAEC, iya bayyana tunani da kalmomin da suka dace shi ne ke da kaso mafi girma, kuma kalmar da aka sa ba a muhallinta ba tana rage maki maimakon ta ƙara. Gara ya mallaki sifofi sittin da ya san mazauninsu, na siffanta mutum da wuri da yanayi da hali, a kan ɗari biyar da ya sani sama-sama. Ɗan aji huɗu ko biyar na sakandare yana da isasshen lokacin da zai sa karatu ya zama gindin aikinsa, kati ya biyo baya.

Mai shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, ko don karatu ko don aikin jinya a Ingila, ya sani cewa yalwar kalmomi da dacewarsu ɗaya ce daga ma'aunai huɗu da ake duba rubutu da su, kowanne da nauyi daidai da ɗan uwansa, kuma masu dubawa suna lura da ko kalmomin sun zauna da abokan zamansu. Haddar manyan kalmomi don burgewa a nan ta fi ko'ina haɗari. Abin da ya fi masa shi ne karanta irin rubutun da jarrabawar ke kawowa, ya ciro sifa tare da sunanta, *a significant increase*, *a gradual decline*, *adequate funding*, ya yi bitarsu, sannan kowane mako ya rubuta insha'i ɗaya ya ba wanda ya fi shi ya duba.

Ma'aikacin da ke rubuta rahoto da wasiƙun ofis kuwa ba *crimson* da *torrential* ne suka dame shi ba. Sifofin hukunci yake buƙata, waɗanda ke bambanta aikin da ya wadatar da wanda ya yi fice, matsalar da ke jira da wadda ba ta jira: *adequate*, *outstanding*, *minor*, *urgent*, *feasible*. Jerin Coxhead zai ba shi mafari, rahotannin da ke zuwa teburinsa su ba shi misalai. Ya kuma kiyayi tagwayen da ke kama da juna, domin su ne suka fi kunyata mutum a takardar ofis: *economic* ta shafi tattalin arziki, *economical* mai rage kashe kuɗi ce, *sensible* mai hankali, *sensitive* mai saurin jin abu ko lamari mai buƙatar kaffa-kaffa, *continuous* ba yankewa, *continual* mai yawan maimaituwa. Irin waɗannan a kati ɗaya ake haɗa su, kowacce da jimlarta.